Agogon da ya yi sati shida yana cewa a huta: nazarin lamarin wani mai gudu da ke dutin dare

Wanene shi, kuma me yake nema

Shekararsa 41, ya kai shekara uku yana gudu, sau uku ko huɗu a sati, jimilla kilomita 25 zuwa 30. Ba sana'arsa bace, ma'aikaci ne kawai da aikinsa ke da dutin dare, duk sati yana yin biyu a jere, Talata da dare da Laraba da dare, daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe. In ya dawo ya kan kwanta wajen bakwai da rabi ya tashi sha biyu da 'yan mintuna, wato awa huɗu da rabi ko biyar in an yi sa'a. Sauran ranakun barcinsa lafiya lau, awa bakwai ko ɗan sama da haka. Bugun zuciyarsa in yana hutawa 54 a minti ɗaya. Mafi saurin lokacin da ya taɓa yi a kilomita 10 minti 54 ne.

Burinsa ya yi rabin gudun fanfalaki, kilomita 21.1, a ƙasa da awa biyu ranar 18 ga Mayu. Lissafin yana nufin minti 5 da sakan 41 a kowace kilomita tun daga farko har ƙarshe. Bai da koci, shi yasa a ƙarshen Disamba ya sayi agogon wasanni irin wanda kullum da safe yake nuna maka atisayen da ya kamata ka yi a ranar, da niyyar agogon ya zame masa koci.

Yadda agogo ke haɗa shawarar ranar

Sai an gane wannan kafin sauran labarin ya yi ma'ana. A bayan agogon akwai wata fitila koriya da ke haska fata, jini yana shanye hasken kore, toh duk bugun da zuciya ta yi jinin da ke wuyan hannu yana ƙaruwa, hasken da ke dawowa sai ya ragu, da haka ake ƙirga bugun. Akwai kuma abin da ke auna motsin hannu. Kusan duk sauran lambobin da kake gani a fuskar agogon lissafi ne aka gina a kan waɗannan biyun da GPS.

Na farko nauyin atisaye. Agogon na duba yadda bugun zuciyarka ya kusanci ƙololuwarsa da tsawon lokacin da ya ɗauka a can, sai ya ƙiyasta yawan iskar oksijin da jiki zai ci gaba da ja bayan an tsaya kafin ya dawo daidai. Daga nan ake fitar da awannin murmurewa, a agogon kamfanin Garmin suna iya kaiwa kwana huɗu. Na biyu makin barci, daga tsawonsa da yawan farkawa da matakan da agogon ya ƙiyasta. Na uku HRV, wato bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ana aunawa da milisakan. Zuciya bata bugawa daidai-wa-daida kamar sakan ɗin agogo, in jiki na cikin natsuwa tazarar tana ɗan sassaɓawa, in kuma akwai gajiya ko damuwa ko ciwo na tafe sai bambancin ya ragu. Lambar wani bata yi wa wani amfani, shi yasa agogon sai ya fara koyon naka tukunna. Garmin na ɗaukar kamar sati uku na barci kafin ya kafa maka ma'auni, sannan ya riƙa kwatanta matsakaicin kwana bakwai da shi. Polar kuma, wani kamfanin agogon wasanni, a tsarinsu na Nightly Recharge suna duba kamar awa huɗun farko na barci su kwatanta da kwana 28 da suka wuce, sai wani tsarin nasu mai suna FitSpark ya ɗora shawarar atisaye a kai.

Garmin ta sayi kamfanin Firstbeat Analytics na ƙasar Finland a 2020, su ne masu yawancin lissafin nan, a 2022 kuma ta fito da makin da ake kira Training Readiness, wato makin shirin atisaye, wanda ke haɗa abu shida: barcin daren jiya, awannin murmurewa da suka rage, yanayin HRV, nauyin atisayen kwanakin baya-bayan nan, barcin dare ukun da suka wuce, da matsin da jiki ya sha a kwana ukun. Tunanin ba daga sama ya faɗo ba, tun 2007 wani bincike a Finland ya nuna mutanen da ke zaɓar ranar atisaye mai zafi bisa HRV ɗin da suka auna da safe sun samu ci gaban da ya kai ko ya fi na masu bin jadawali kafaffe. Amma dai a lura, duk lissafin ya dogara ne da abu biyu da mai agogo ke da hannu a ciki: lambobin da aka saita tun farko, da kuma ingancin abin da fitilar nan ke karantawa.

28 ga Disamba zuwa 19 ga Janairu: agogo na koyon jikinsa

Wannan sati ukun ya faɗo daidai lokacin hutunsa na shekara. Babu dutin dare ko ɗaya, yana barcin awa takwas, yana gudu kaɗan-kaɗan. Agogon ya kafa masa ma'aunin HRV tsakanin 52 da 64. Wajen saiti ya saka shekarunsa da nauyinsa kawai, agogon ya cike ƙololuwar bugun zuciya da kansa da tsohon lissafin nan na 220 a cire shekaru, ya bada 179. Lokacin barci ya saita sha ɗaya na dare zuwa shida na safe duk kwana bakwai ɗin. Maɗaurin agogon kuma yana barinsa sakwa-sakwa don baya son ya riƙa yi masa shaida a hannu. Ƙiyasin VO2 max ɗinsa, wato yawan oksijin da jiki ke iya amfani da shi in an ƙure, ya tsaya a 44.

20 ga Janairu zuwa 16 ga Fabrairu: bin agogo sau da ƙafa

Ya koma aiki. A cikin kwana goma matsakaicin HRV ɗinsa ya sauko zuwa 46, agogon ya fara nuna masa cewa yana ƙasa da ma'auni. Barcin rana na Laraba da Alhamis wani lokacin agogon baya kama shi kwata-kwata, wani lokacin ya rubuta awa biyu, don yana waje da lokacin da aka saita masa. Ga kuma caji, yana jona shi da daddare kamar sau biyu a sati ya kwanta ba agogo a hannu, kenan a dare bakwai uku ne kawai ko ƙasa da haka agogon ke samun cikakken bayani.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne awannin murmurewa. Zai fita ya yi kilomita 8 a hankali yana hira da abokin gudunsa ba tare da haki ba, ya dawo agogon ya rubuta masa awa 56, wata rana 62. Washegari shawarar ita ce hutu, jibi sassarfar minti 20, gata sassarfar minti 25, kafin awannin su ƙare dutin dare ya zo makin ya sake faɗuwa. A sati huɗun nan sau ɗaya tak agogon ya bashi atisaye mai ɗan zafi. Ya bi komai yadda aka ce. Kilomitocinsa na sati suka sauko daga 28 zuwa 17, gudunsa mafi tsawo bai wuce kilomita 9 ba, ƙiyasin VO2 max ya koma 42. Shi kuma a jikinsa baya jin wata gajiya, hasali ma ƙafafunsa ƙaiƙayin gudu suke.

17 ga Fabrairu zuwa 2 ga Maris: farautar makin barci

Da ya duba ya ga barci ne ke yawan fitowa da ja a manhajar, sai ya yanke cewa nan matsalar take. Ya fara kwanciya tara da rabi maimakon sha ɗaya, yana yin kusan awa tara a kan gado. Makin barcin ya hau kuwa, daga wajen 68 zuwa 80 da ɗoriya, sai dai shi ya san ba barci yake ba a awa ɗaya da rabin farko, kwance kawai yake idonsa biyu baya motsi. Wannan sanannen rauni ne na irin waɗannan na'urori, in aka gwada su da gwajin barci na asibiti wanda ake manna wayoyi a kai ana karanta aikin ƙwaƙwalwa, suna ƙoƙari wajen gane cewa mutum na barci amma suna yawan ɗaukar wanda ya kwanta shiru a matsayin mai barci, rarrabe matakan barcin ma sai a hankali.

Sai kuma wani abu ya shigo da babu shi a da. Ya fara farkawa wajen uku na dare yana danna agogo ya ga awa nawa aka rubuta masa, in ya ga lambar bata yi masa ba sai barcin ya ƙi dawowa. Likitocin barci a Amurka sun rubuta game da irin wannan a 2017, mutanen da neman cikakken maki a na'ura ya zame musu sanadin rashin barcin, har suka raɗa wa abin suna orthosomnia. Makin shirin atisayensa ya ƙaru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, awannin murmurewa kuma suna nan yadda suke, 50 zuwa 60 bayan kowace fita, saboda tushensu nauyin atisaye ne, barci ɗan gyara kawai yake musu. Kilomita 18 da 19 ya yi a satittikan biyu.

3 zuwa 22 ga Maris: watsi da agogo

Saura sati goma sha ɗaya, haƙurinsa ya ƙare. Ya sauko da wani jadawali na kyauta daga intanet wanda aka tsara don masu neman ƙasa da awa biyu, ya shiga daga tsakiya don ya cimma inda ya kamata a ce yana. Jadawalin na da gudu mai zafi na tsaye-da-tashi ranar Talata, gudun juriya mai ɗan sauri ranar Alhamis, dogon gudu ranar Lahadi. Wanda ya tsara shi bai san da wani mai dutin dare ba, don haka Alhamis ɗin tana faɗowa ne bayan dare na biyu a wajen aiki, a kan barcin awa huɗu da rabi. Satin farko ya yi kilomita 34, daga 19.

Agogon na hannunsa yana ta rubutu amma ya daina kulawa. Daren Lahadi 9 ga wata HRV ɗinsa ya faɗi zuwa 38, daren Litinin 36, bugun hutu ya hau daga 54 zuwa 60 sannan 61. Duka biyun dare ne da ya kwana a gida a kan gadonsa, ba dutin dare balle a ɗora wa aiki. Agogon ya ce hutu. Tunda ya shafe sati shida yana jin kalmar nan a ranakun da yake garau, bai ga dalilin da zai sa ta yau ta bambanta ba, ya fita Talata da safe ya yi mita 800 sau shida, ya wuce dutinsa na dare biyu, Alhamis da yamma ya fara gudun juriya na kilomita 6 ya kasa wuce ta uku. Daren nan maƙogwaro ya fara masa zafi, Juma'a 14 ga wata zazzaɓi ya rufe shi. Kwana tara bai yi gudu ba, ga kuma ciwo a ƙashin ƙaurinsa na hagu da ya fara tun satin farko yana dannewa.

Ko lambobin Lahadi da Litinin na nuna gajiyar ninka kilomita ne ko ciwon ne ya fara shiga jiki, agogo ba zai iya bambancewa ba, duka biyun alama ɗaya suke bari: bugun hutu ya hau, HRV ya sauka.

23 ga Maris zuwa 6 ga Afrilu: an buɗe bayanan

A cikin waɗanda suke gudu tare akwai wani da ya girme shi, ya daɗe a harkar kuma yana son tono lambobi. Shi ya karɓi wayar ya buɗe wani gudu na ranar 8 ga Fabrairu, kilomita 8 na sassarfa, ya ɗora layin bugun zuciya a kan layin yawan taku a minti. Minti shidan farko layukan biyu kowa da hanyarsa, bugun na hawa a hankali daga 118 zuwa 141. Daga minti na bakwai bugun ya yi tsalle ɗaya zuwa 168 ya miƙe sambal, layin taku ma 168, duk inda takun ya ɗan sauka zuwa 166 bugun ya bi shi, inda ya hau 170 ya bi shi, har ƙarshen gudun.

"Kai, wannan ai ƙafarka agogon ke ƙirgawa," ya ce masa. "A ina ka taɓa ganin zuciya ta tashi daga 141 zuwa 168 cikin sakan goma kana hira?"

"Yaya, ni na ɗauka haka tawa zuciyar take."

"Nuna min yadda kake ɗaura shi."

Ya nuna, agogon na kan ƙashin wuyan hannu yana reto, yatsa biyu na shiga ƙarƙashin maɗaurin. Abin da ke faruwa shi ne in agogo na girgiza da kowane taku, hasken da ke dawowa yana canzawa daidai da girgizar, kuma tunda yawan taku a gudu ya kan faɗo kusa da inda bugun zuciya ke iya kaiwa, lissafin sai ya kama wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun ya riƙe. Suka duba gudu goma sha huɗu na Janairu da Fabrairu, tara na da wannan tsallen.

Ranar 26 ga wata suka fita sassarfa tare don su tabbatar. A minti na ashirin agogon na nuna 169, suka tsaya cak ya ɗora yatsa biyu a gefen wuyansa ya ƙirga na sakan 15, ya samu 36, sau huɗu 144 kenan. Ko an ƙara masa 'yan bugun da suka sauka daga tsayawar, bai kusanci 169 ba. Toh a lissafin agogon 169 cikin 179 kashi 94 ne cikin ɗari, wato a wajensa mutumin nan ya yi minti arba'in yana gudun ƙure numfashi, dole ya rubuta awa sittin.

Sai maganar 179 ɗin kanta. Lissafin 220 a cire shekaru matsakaici ne na jama'a, mutum ɗaya na iya kaucewa da bugu goma ko fiye sama ko ƙasa. Akwai wani lissafin da aka fitar a 2001, 208 a cire shekaru sau 0.7, shi ma a shekara 41 kusan 179 yake bayarwa, kenan canza lissafi ba zai fisshe shi ba, sai an auna. Sun jira ya yi sati biyu da warkewa, kuma likitan da ya duba shi lokacin zazzaɓin ya ce babu abin da zai hana shi atisaye mai zafi. Ranar 5 ga Afrilu ya ara bel ɗin ƙirji, irin wanda ke karanta siginar lantarkin zuciya kai tsaye, ya yi ɗumin jiki na minti 15, ya hau wani tudu na minti biyu sau uku, kowanne ya fi na baya zafi, na ƙarshe da duk ƙarfinsa. Bel ɗin ya rubuta 191.

Gyaran da aka yi a wannan satin ba shi da yawa. An canza ƙololuwar bugun zuwa 191. Ya sayi bel ɗin ƙirji nasa don gudu, in kuma bai saka ba agogon na komawa sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya, a ɗaure tamau. Caji ya koma lokacin wanka da shiryawa, kullum minti ashirin, ya daina kwana ba agogo. Lokacin barci an saita wa Laraba da Alhamis nasu daban, bakwai da rabi na safe zuwa sha biyu da rabi. Ya koma kwanciya sha ɗaya saura kamar da, kuma ya cire makin barci daga fuskar agogon don kada ya riƙa ganinsa da tsakar dare.

Sauran gyaran a kan jadawali ne. Alhamis ta zama ranar hutu ko tafiyar ƙafa, duk abin da agogo ya ce. Ranakun zafi suka koma Litinin da Juma'a da yamma, dogon gudu Lahadi a hankali. Sannan babban nasu ya bashi wata ƙa'ida ta ranar da agogo ya ce hutu shi kuma yana jin ƙarfi: ya duba bugun hutu, in ya haura nasa na kullum da biyar ko fiye kwana biyu a jere a daren da ya kwana gida, babu gardama a huta. In bugun hutun na daidai, ya fita ya yi minti goma a hankali, in bugun a saurin da ya saba yana inda ya saba kuma ƙafafu basu yi nauyi ba, ya ci gaba da abin da ya tsara.

7 ga Afrilu zuwa 18 ga Mayu: sati shidan ƙarshe

Canjin farko ya bayyana nan take. Kilomita 8 ɗin nan da ke jawo awa 56 ta koma awa 14 zuwa 20, don yanzu agogon na ganin 144 cikin 191, kashi 75. Nauyin atisayen da ya taru na ƙarya ya ɗauki kamar sati biyu kafin ya wanke daga lissafin, bayan nan shawarwarin suka fara kama da na mai shirin tsere, gudun juriya na minti 20, wata rana minti uku-uku masu zafi sau biyar, dogon gudu a ƙarshen sati. Ƙiyasin VO2 max ya hau zuwa 46 cikin kwana goma, kuma ba wai ya ƙara ƙarfi bane a kwana goma, lissafin ne ya daina ganin yana shan wahala a gudun da ba wahala.

Ma'aunin HRV ya fi jan lokaci. Da agogon ya fara samun barci bakwai a sati maimakon uku, ma'aunin ya riƙa saukowa a hankali har ya zauna tsakanin 44 da 55 wajen ƙarshen Afrilu, matsakaicinsa na 47 zuwa 49 ya koma cikin kewayon. Jikinsa bai canza ba, abin da ake gwada shi da shi ne ya koma na mutumin da ke aiki maimakon na mai hutun shekara.

Kilomitocin sati sun tafi 24, 28, 32, 36, 38, sannan aka rage. Dogon gudu ya tashi daga kilomita 10 yana ƙara biyu duk Lahadi har 18 ranar 4 ga Mayu. Ciwon ƙauri ya lafa a sati na biyu. Sau huɗu agogo ya ce hutu a ranar da ya tsara atisaye, uku daga ciki bugun hutunsa na 54 ko 55 ya yi gwajin minti goma ya wuce abinsa lafiya, na huɗun ranar 28 ga Afrilu bugun ya kai 60 dare biyu a jere, ya zauna, ya ɗaga atisayen zuwa Juma'a, babu ciwon da ya biyo baya.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Barcin rana har yanzu maki 45 zuwa 55 yake samu, Alhamis da safiyar Juma'a makin shiri kullum a ƙasa yake.

Ranar 18 ga Mayu ya gama a awa 2 da minti 3 da sakan 40, matsakaicin minti 5 da sakan 52 a kilomita. Ya riƙe saurin da yake nema har kilomita ta 15 sannan ƙafafu suka fara ja baya.

Me ya jawo, me ya yi aiki

In aka jera abubuwan, wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne sakin maɗauri haɗe da 179. Su biyun ne suka sa agogon ya ɗauki kowace sassarfa a matsayin tsere, kuma tunda awannin murmurewa da nauyin kwanakin baya suna da kaso babba a shawarar gobe, ko da barcinsa ya kai maki ɗari hutu za a ci gaba da bashi. Kamar sikelin da ba a mayar da shi sifili bane, duk abin da ka ɗora zai nuna ƙari iri ɗaya, kuma daidaiton ƙarin shi ke sa ka yarda da shi. Shi yasa farautar barci bata haifar da komai ba, ya gyara abin da manhajar ta fi nuna masa da ja alhali ba nan gizo ke saƙar ba.

Ma'aunin HRV da aka kafa lokacin hutu ya ƙara wa abin nauyi, amma wannan da kansa zai gyaru da lokaci in da agogon na samun bayanin kowane barci. Cajin dare da saitin lokacin barci su suka ja shi ya kai wata uku.

A ganina mafi tsadar abin da sati shidan farko suka jawo ya wuce kilomitocin da ya rasa. Sun sa ya daina yarda da gargaɗin gaba ɗaya, har ranar da gargaɗin ya zo da hujja mai ƙarfi, bugun hutu ya ƙaru da bakwai a daren da babu aiki, bai da hanyar gane cewa wannan daban ne. Bugun hutu da HRV na dare ana auna su ne hannu na kwance ba girgiza, don haka sun fi abin da ake karantawa a tsakiyar gudu inganci nesa ba kusa ba, kuma su ne suka yi daidai a Maris da kuma 28 ga Afrilu. Ƙa'idar minti goma ta yi aiki ne saboda ta raba lambar da aka auna daga lambar da aka lissafa ta hanyar haɗa abu shida.

Game da makin barcin rana, ban ga laifin agogon sosai ba. Awa huɗu da rabi na barci da rana tsaka ba daidai yake da awa bakwai na dare ba, kuma jikinsa ma ya faɗi haka ranar da ya kasa ƙarasa kilomita 6. Abin da agogon baya yi shi ne duba jadawalin aikinsa ya san Talata da Laraba na tafe ya matso da atisaye mai zafi gaba, yana mayar da martani ne bayan abu ya riga ya faru, wannan tsarin sai mai agogon ya yi da kansa.

Minti uku da sakan arba'in da suka rage masa kuwa, dogon gudu ne bai isa ba. Daga 20 ga Janairu zuwa farkon Afrilu, in aka cire sati ɗaya da rabi na Maris, bai taɓa wuce kilomita 10 a fita ɗaya ba, sati shida kuma ba sa gina juriyar da sati goma sha shida za su gina. Yanzu yana kan kilomita 30 zuwa 35 a sati da saitin da aka gyara, yana bin shawarar agogon a ranakun Litinin da Juma'a in ta yi daidai da bugun hutunsa, kuma zai sake gwajin tudun da bel kafin ya fara shirin tsere na gaba don ƙololuwar bugun na raguwa a hankali da shekaru.